Dalilin Da Ya Sa Wata Tocila Ke Haskawa Nesa, Wata Kuma Ba Ta Wuce Ƙofar Gida

Tocila biyu za su iya ɗauke da ƙwan LED iri ɗaya da batir iri ɗaya, amma ɗaya ta haska ƙarshen layi, ɗayar kuwa ta tsaya a tsakar gida. Bambancin yana cikin kwanon nan mai ƙyalli da ke kewaye da ƙwan.

Ƙwan LED gaba yake watsa haskensa, a faɗin da yakan kai digiri 120. Hasken da ya bugi bangon kwanon shi ake tattarawa ya zama farin da'irar da ake gani a tsakiya. Wanda ya fita bai taɓa kwanon ba, shi ne hasken gefe mai nuna wa mutum inda zai taka. Shi ya sa kwano mai faɗi da zurfi, haɗe da ƙaramin ƙwai, ya fi kai haske nesa.

Fuskar kwanon ma tana da tasiri. Mai santsi kamar madubi ya fi cilla haske, amma ba ya rufa asirin ƙwai: akan ga zobba, ko rawaya a gefe, ko duhu a tsakiya idan ƙwan bai zauna daidai ba. Mai gurje-gurje kamar ɓawon lemu yana gauraya hasken ya fito sumul, sai dai nisan yakan ragu kaɗan. Wasu tociloli kuma sun bar kwano, suna amfani da ruwan tabarau na roba da ake kira TIR, wanda ke sarrafa kusan dukkan hasken.

Fitilar waya ba ta da wurin kwano mai zurfi, kuma don ɗaukar hoto aka yi ta. Dole ta baza haske, ba ta kai shi nesa.

A nan ne masu saye ke asarar kuɗi. Lumen da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali jimillar haske yake nunawa. Kandela ce ke nuna ƙarfinsa a tsakiya. A ƙa'idar ANSI FL1 ta shekarar 2009, ana auna nisan tocila zuwa inda haskenta ya ragu zuwa lux 0.25, kusan hasken wata ɗan daren sha huɗu. Da wannan lissafi, kandela 10,000 na kai mita 200, amma kafin a kai mita 400 sai an samu 40,000.

Kafin a biya kuɗi, a haska farin bango daga 'yan matakai, a duba zobba da tabon duhu. Mai gadi da mai zuwa gona da dare su nemi kwano mai santsi da zurfi. Mai gyaran waya ko mai karatu idan an ɗauke wuta, ɓawon lemu ko TIR zai fi masa. Kada kuma a goge cikin kwanon da tsumma, domin rufin alminiyon da ke kansa siriri ne ƙwarai, yana karcewa nan take.