Ɓarawon Biro Ma Ɓarawo Ne

Duk ranar da rediyo ya ce an gurfanar da wani shugaban banki ko na babban kamfani a gaban kotu, akwai maganar da ba a rasa ji a teburin mai shayi. Wani zai kurɓi shayinsa ya ce, "To ina ruwanmu? Kuɗin banki ne, manya ne suka ci na manya." Na kusa da shi ya ɗora da cewa ai wannan iya boko ne da wayo. Abin haushi, su ne kuma na farkon ɗaukar gora in aka yi ihun ɓarawon waya a bakin kasuwa. Wannan magana ta ishi mai hankali, domin Najeriya ta riga ta ga inda take kai mutane.

Ɗa'ar kasuwanci dai riƙon amana ce. Shugaban kamfani ajiya aka ba shi: dukiyar ta masu hannun jari ce, in banki ne kuma har da ta masu ajiya.

A 2005, lokacin da Charles Soludo ke gwamnan Babban Banki, an tilasta wa kowane banki ya mallaki jarin naira biliyan 25, bankuna 89 suka haɗe suka koma 25. Daga nan aka shiga farautar jari. Ma'aikatan banki suka bi ofisoshi da kasuwanni da fom a hannu, malamin makaranta ya sayi hannun jari, ɗan fansho ya zuba kuɗin sallamarsa, har da mai rumfa a Kantin Kwari. Wasu ma bankin ne ya ranta musu kuɗin sayen hannun jarin. Farashi ya yi ta hawa, kowa na murna. A watan Maris na 2008 kasuwar hannun jari ta kai ƙololuwa, kafin shekara ta zagayo ta zubar da fiye da rabin darajarta.

Ranar 14 ga Agusta, 2009, sabon gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya tsige shugabannin bankuna biyar a zama ɗaya: Oceanic, Intercontinental, Union, Afribank da FinBank. Aka zuba musu naira biliyan 420 don kada su ruguje, daga baya kuɗin ceton ya kai biliyan 620 bayan an ƙara bankado wasu. Binciken ya nuna basussuka masu ɗimbin yawa da aka bayar ba tare da jingina ta kirki ba, wasu ga kamfanonin da ke da alaƙa da shugabannin da kansu. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Cecilia Ibru ta Oceanic ta amsa laifi a Babbar Kotun Tarayya ta Legas a watan Oktoban 2010. Aka ƙwace mata kadarorin da suka kai kusan naira biliyan 191, ciki har da gidaje a Dubai da Amurka, aka ɗaure ta wata shida. Wata shida! Mai satar akuya a ƙauye yakan fi haka daɗewa yana jiran shari'a kawai. Shi kuwa Erastus Akingbola na Intercontinental, wata kotu a Landan ce ta umarce shi a 2012 ya biya sama da fam miliyan 600, kuma cikin abin da ta kama shi da shi har da amfani da kuɗin bankin wajen sayen hannun jarin bankin.

To wa ya biya? A watan Agustan 2011 aka soke lasisin Afribank da Spring Bank da Bank PHB, aka kafa Mainstreet da Enterprise da Keystone a madadinsu. Masu ajiya sun tsira da kuɗinsu, masu hannun jari kuwa suka tashi a tutar babu. Bank PHB ɗin nan a cikinsa aka haɗe tsohon bankin Habib da 'yan Arewa da yawa suka saba da shi. Har yau akwai gidajen da in aka buɗe akwatin maigida za a tarar da takardar shaidar hannun jari a cikin leda, tare da takardar fili da ta haihuwar yara, an adana ta da kyau, ba ta sayen ko mudun gero. Ma'aikata dubbai sun rasa aiki bayan Access ya karɓi Intercontinental, Ecobank ya karɓi Oceanic. Hukumar AMCON da aka kafa a 2010 don ta sayi munanan basussukan har yanzu tana bin bashin tiriliyoyin naira, bankuna na biyan ta haraji duk shekara, banki kuwa ba ya biyan komai daga aljihunsa sai ya fanshe a jikin abokin hulɗa. Mai shayin ma, in dai yana da asusu, ya biya rabonsa.

Ba bankuna kaɗai ba. A 2006 aka gano Cadbury Nigeria, masu Bournvita da Tom Tom, sun shafe shekaru suna kumbura lissafinsu da sama da naira biliyan 13, shugaban kamfanin da daraktan kuɗi suka rasa kujerunsu. Turawa ma ba su tsira ba: a 2015 Volkswagen ya amsa cewa ya sa wa motoci kusan miliyan 11 manhajar yaudarar masu gwajin hayaƙi. Tauye mudu ne da kwamfuta, laifin da Alƙur'ani ya sa wa sura guda sunan masu yin sa. Raunin masu sa ido da jan ƙafar kotuna na taimakawa, wannan kowa ya sani.

Abin da ke hannun talaka shi ya fi cancantar magana. Na farko, kada mutum ya ba da aron sunansa. Babba ba ya sata shi kaɗai, sai ya samu direba ko ƙane ko yaron gida da za a yi wa kamfanin bogi rajista da sunansa, ko a bi da kuɗi ta asusunsa. Ranar da EFCC ta zo, mai sa hannu da mai lambar BVN ake fara nema, "oga ne ya ce in sa" kuma ba ta fitar da kowa a kotu. Ƙaramin akawun da aka miƙo wa takarda ya sa hannu a kan abin da bai gani ba, gara ya sha faɗa yau.

Mai hannun jari, ko na naira dubu goma ne, yana da haƙƙin karɓar rahoton shekara da halartar babban taron kamfani ya yi tambaya. Ya duba abin da aka ranta wa daraktoci da abin da suka biya kansu. Ya daina zuwa don jakar kyauta da abinci kawai. Kada kuma a ci bashi don sayen hannun jari, kada a zuba duk abin da aka tara a wuri guda don shugaban wurin ya gina masallaci ko an naɗa masa sarauta. Kyautar da aka yi da kuɗin marayu ba ta wanke mai ita, masu yi masa kirari kuma su ji tsoron Allah.

Mai ajiya shi ma ya san iyakarsa. Da aka soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024, abin da hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta lamunce wa kowane mai asusu naira miliyan 5 ne. Wanda kuɗinsa ya haura haka sai ya jira a sayar da kadarorin bankin.