Mace mai allurar insilin: abin da ya kamata ki duba kafin ki ɗauki ciki

Idan kina da ciwon sukari irin wanda ake yi wa allurar insilin kullum, ki sani za ki iya ɗaukar ciki ki haihu lafiya. Amma shiri yana farawa ne tun ciki bai shiga ba. Dalili kuwa, zuciyar jariri da ƙwaƙwalwarsa da lakarsa suna haɗuwa ne a makonni 8 na farko, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da ciki ba. Idan sukari ya yi yawa a jininki a wannan lokaci, haɗarin ɓari da na nakasar jariri yana ƙaruwa.

Saboda haka ki je wurin likita aƙalla wata 3 kafin ki nemi ciki, a duba waɗannan abubuwa:

1. Sukarin jini. Awon HbA1c yana nuna yadda sukarinki ya kasance cikin wata 2 zuwa 3 da suka wuce. Ana so ya kasance ƙasa da kashi 6,5 cikin ɗari. In ya haura kashi 10, ki jinkirta ciki, ki bi hanyar tazarar haihuwa har ya sauka. Ƙarancin jini da sikila suna iya karkata sakamakon awon, don haka ki faɗa wa likita in kina da su.

2. Idanu. Ciki yana iya tsananta lahanin da sukari ya riga ya yi wa ido, ko da kina gani garau.

3. Ƙoda da hawan jini. A auna jininki da fitsarinki. Mai ciwon ƙoda ta fi shiga haɗarin hawan jini na masu ciki da haihuwar bakwaini.

4. Magunguna. Wasu magungunan hawan jini, kamar captopril da enalapril, suna cutar da ɗan tayi. Likita ne zai sauya maki su.

Likita zai kuma rubuta maki ƙwayar folik asid, galibi miligiram 5 kullum, har ciki ya kai mako 12.

Kada ki taɓa daina allurarki don tsoron jariri: insilin ba ya cutar da shi, rashinsa ne ke kisa. Sai dai sukari yakan faɗi ƙasa a farkon ciki. Ki riƙa ajiye sukari kusa da ke, kuma ki koya wa maigidanki alamomin: rawar jiki, zufa da ruɗewa.