Tsohuwar Land Rover: Yadda Ake Farfaɗo da Injin da Ya Yi Sa'a da Iyayenmu

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar ƙauye da damina ya san tsohuwar Land Rover, wadda mutanenmu ke kira landiroba. Buhuna a sama, mutane a ciki, tana kutsawa cikin laka a inda ƙananan motoci suka ja birki, domin ita tayoyinta huɗu duka ja suke yi. Kamfanin Rover na Ingila ne ya fara nuna ta a birnin Amsterdam a 1948. An yi jikinta da alminiyam saboda ƙarfe ya yi ƙaranci bayan Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya sa za ku ga jikin ya lotsa amma bai yi tsatsa ba. Mai amfani da man gas, wato dizal, ta fito a 1957, sannan a farkon shekarun 1960 aka kawo injin mai lita 2.25 da silinda huɗu. Shi ne a cikin samfurin Series III da aka riƙa ƙerawa daga 1971 zuwa 1985.

Irin wannan injin muka samu kanmu a gabansa, mu ɗaliban injiniya da ke horon sanin makamar aiki a wani gareji. Motar ta shekara uku a ajiye. Mai ita yana so ta tashi kafin ruwa ya sauka, domin idan hanyar garinsu ta jiƙe, ita ce ke fitar da kaya zuwa kasuwa, ita ce kuma ke kai mara lafiya asibiti.

Kafin sifana, sai an fahimci yadda injin yake aiki. Injin fetur yana da fulogi mai ba da tartsatsin wuta. Na gas ba shi da shi. Fistin ne ke matse iska zalla a cikin silinda, a wannan injin har sai ta koma kashi ɗaya cikin 23 na girmanta. Matsin yana sa zafinta ya haura digiri 500, sai nozul ya fesa mai kamar hazo, man ya kama da kansa. Ku tuna yadda famfon keke ke ɗumi a hannu idan kuna ba taya iska. Abu ɗaya ne, kuma shi ne darasin matsi da zafin iska da malamin fiziks ke rubuta muku a allo. Bajamushe Rudolf Diesel ya nuna cewa dabarar tana aiki tun 1897. Saboda haka abin da injin ke buƙata ba shi da yawa: iska mai tsabta, mai mai tsabta, da matsi. Idan ya ƙi tashi, kusan kullum ɗaya daga cikinsu ne ya samu matsala.

Ogan garejin bai bari an taɓa makulli ba a ranar farko. Da hannu aka fara juya injin, da babban sifana, don a tabbatar fistin bai maƙale ba. Injin da ya daɗe a kwance, idan aka tilasta masa da batir alhali ya cije, ana iya lanƙwasa wani abu a ciki, gyaran dubu ya koma na dubu ɗari. Da ya juya, aka zubar da tsohon baƙin mai, aka sauke tanki.

A tankin ne muka daɗe. Tankin da ba a cike yake ba yana tara raɓa a cikinsa, ruwa kuma ya fi gas nauyi, sai ya kwanta a ƙasa, daidai inda ake zuƙar mai. Famfon injekta da nozul an ƙera su ne da ratar da ta fi gashin kai siranta, kuma man da ke bi ta cikinsu shi ne ke sa su santsi. Ruwa kaɗan ya isa ya sa musu tsatsa. Aka wanke tanki, aka hure bututu, aka sa sabuwar filta. Daga nan sai fitar da iska: a sassauta ɗan kusan da ke kan filta da na jikin famfo, a yi ta danna ƙaramin famfon hannu har kumfa ya ƙare, mai ya fito zalla. Iska tana matsuwa, mai ba ya matsuwa, don haka ƙwayar kumfa a bututu tana hana nozul buɗewa. Shi kuwa famfon injekta, ba a buɗe shi a ƙasan bishiya. Masu gyaran injekta aka kai wa, su ke da injin gwaji.

Akwai kuma hita, waɗansu 'yan sanduna huɗu da ke ɗumama wurin ƙonewar mai kafin a tayar. Mutane kan ɗauka fulogi ne, amma ba sa tartsatsi. Da sanyin hunturu, hita ɗaya ta mutu sai injin ya yi ta tari.

Da injin ya tashi, salansa ce ta ba da labari, kuma karanta hayaƙi shi ne abin da ya fi burge mu a duk aikin. Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Fari yakan nuna man da bai ƙone ba, ko ruwa yana shiga silinda ta gaskit da ya ƙone. Shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa. Namu shuɗi ya yi, gwajin matsi kuma ya nuna silinda biyu sun yi rauni. Ringin fistin sun cinye. Aka sauke kan injin, aka sa sababbin ringi da gaskit, aka goge bawul, aka daidaita ratarsu a milimita 0.25. Mun ga ana sa kati ko reza a wasu wuraren maimakon ma'auni. A ganinmu wannan caca ce: ratar ta yi kaɗan bawul ya ƙone, ta yi yawa injin ya yi ta ƙara ba ƙarfi.

Me ya cinye ringin? Ƙura. Matatar iskar wannan mota kwano ce mai baƙin mai a ƙasa, ƙura ta faɗa ciki ta maƙale. Mun tarar da kwanon ya bushe, laka ta daskare a ciki. Ƙurar hunturu da ta wuce shi ta gauraya da mai, ta riƙa goge ƙarfe kamar sanfefa. Wanke kwanon ba ya cin minti goma sha biyar.

Gargaɗi biyu ga masu zuwa gareji lokacin hutu. Kada ku sa hannu a gaban nozul yana feshi, domin ƙarfinsa yana huda fata, man ya shiga jiki. Kada kuma ku buɗe murfin lagireto injin na da zafi.

Wasu masu irin wannan mota kan cire injin su dasa na wata motar, don ƙarfin dokinsa 62 ne kacal, ba ya gudu. Muna ganin uzurinsu. Sai dai tsohon ba shi da kwamfuta ko ɗaya, kuma bakaniken ƙauye zai iya yi masa yawancin gyara da sifana da sukuddireba. Idan ya tashi ma ba ya buƙatar lantarki don ya ci gaba da aiki. Shi ya sa murɗa makulli ba ya kashe shi, sai direba ya ja wani ɗan maɓalli da ke gabansa, wanda ke datse mai daga famfo.