Yadda faya-fayan da aka tsinta a Jos suka sauya ra'ayin masoya Doctor Who

Shekaru da dama masoya wani shahararren shirin talabijin na Birtaniya suka kwashe suna yanke wa ɗaya daga cikin labaransa hukunci bisa kashi ɗaya tak daga cikin kashi shida, har sai da aka buɗe wani ɗakin ajiya a birnin Jos da ke jihar Filato a Nijeriya.

A ranar 11 ga watan Oktoba na 2013 ne kafar BBC ta bayyana cewa an gano kashi tara na shirin Doctor Who, waɗanda aka daɗe da fitar da rai da su, a wata tashar talabijin da ke Jos.

Wani Baturen Ingila mai suna Philip Morris, wanda sana'arsa ita ce bin tsofaffin gidajen talabijin yana neman finafinan da suka salwanta, shi ne ya ci karo da su jibge cikin gwangwanayensu, ƙura ta lulluɓe su.

Gano faya-fayan dai ya rage yawan kashin shirin da suka ɓace daga 106 zuwa 97 a wancan lokaci. To amma ya kuma yi wani abin da ba a zata ba, wato ya tilasta wa dubban 'yan kallo sake duba abin da suka daɗe suna faɗa.

Wane shiri ne wannan?

An soma nuna Doctor Who ne a ranar 23 ga watan Nuwamba na 1963, kuma yana cikin shirye-shiryen almarar kimiyya mafiya daɗewa a duniya.

Almarar kimiyya ita ce ƙagaggen labarin da ake ginawa a kan tunanin abin da ilimin kimiyya zai iya kawowa, kamar tafiya zuwa wasu duniyoyi ko ƙera mutum-mutumi mai tunani.

Jarumin shirin, wanda ake kira Dakta, wani baƙo ne daga wata duniya da ke yawo tsakanin zamunna a cikin wani jirgi mai siffar shuɗin akwatin wayar tarho na 'yan sandan Birtaniya.

A shekarun 1960 kowane labari a kan raba shi kashi huɗu ko shida ko fiye, ana nuna kashi ɗaya na kimanin minti 25 a kowace Asabar.

Yadda suka ɓace, da yadda suka zo Nijeriya

A wancan zamani kaset ɗin bidiyon da gidajen talabijin ke ɗaukar shiri a kai yana da tsada ƙwarai, saboda haka da zarar an nuna shiri sai a goge shi a ɗauki wani a kai.

Bugu da ƙari, yarjejeniyar da aka yi da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita yawan maimaita shiri, sannan zuwan talabijin mai launi ya sa aka ɗauka cewa babu wanda zai sake neman hotuna baƙi da fari.

Sai a 1978 ne BBC ta daina wannan ɗabi'a, bayan an riga an yi asarar shirye-shirye masu ɗimbin yawa.

Abin da ya ceci wasu daga ciki shi ne cinikin da ake yi da ƙasashen waje. A kan kwafi shirin a kan fim mai faɗin milimita 16, irin wanda ake sa wa majigi, a aika wa ƙasashen da suka saya. In wannan tasha ta gama nunawa sai ta tura wa ta gaba, ta ƙarshe kuma a kan buƙaci ta mayar da shi Landan ko ta lalata shi.

Nijeriya na cikin ƙasashen da suka sayi shirin tun a shekarun 1960, kuma a tsakiyar shekarun 1970 gidan talabijin na tsohuwar jihar Binuwai-Filato da ke Jos ya nuna wasu labaransa.

Faya-fayan na Jos ba a mayar da su ba, ba a kuma lalata su ba. Wato dai rashin cika wancan sharaɗi ne ya zama sanadin tsirarsu.

Yanayin garin ma ya taimaka. Zafi da laima su ne manyan abokan gabar irin wannan fim, domin su kan sa ya ruɓe ya riƙa warin tsami har ya manne da juna. Jos kuwa tana kan tsauni mai tsawon kimanin mita 1,200, inda sanyi ya fi na yawancin garuruwan arewa.

Ba kuma wannan ne karo na farko ba, domin a tsakiyar shekarun 1980 an samo wasu kashi na labaran The Time Meddler da The War Machines daga Nijeriya.

Kashin da ya ɓata wa labari suna

Labarai biyu ne aka samo a Jos, kuma na farkonsu shi ne The Enemy of the World, wato maƙiyin duniya, wanda aka nuna daga watan Disamba na 1967 zuwa Janairun 1968.

Kafin 2013 kashi na uku ne kaɗai ya rage a hannun BBC, kuma da shi ne akasarin masoya suka auna labarin baki ɗaya.

An yi rashin sa'a wannan kashi shi ne mafi sanyi a cikin shidan. Yawancinsa hira ce a ɗakin girki da kuma wani lungun gini inda ake tsare da wani ɗan siyasa, lamarin da 'yan kallo suka daɗe suna yi wa ba'a a matsayin alamar ƙarancin kuɗin shirya wasan.

Haka kuma shi ne labari ɗaya tilo a zangon wannan shekara da babu dodo a cikinsa, alhali kuwa dodanni ne suka fi jan hankalin masu kallo.

Ba wai masoyan ba su san yadda labarin ya kaya ba ne. Wasu daga cikinsu sun naɗi sautin shirin daga akwatunan talabijin ɗinsu tun a shekarun 1960, sannan wani mai ɗaukar hoto, John Cura, ya ɗauki hotunan allon talabijin na kashi da yawa. Da waɗannan ne ake haɗa abin da za a iya haɗawa.

To sai dai sauti da hoto maras motsi ba sa nuna abin da ɗan wasa ke yi da fuskarsa da jikinsa, kuma a nan ne ƙarfin wannan labari yake.

Patrick Troughton, wanda shi ne mutum na biyu da ya fito a matsayin Dakta, ya taka rawa biyu a ciki. Ya fito a Dakta, ya kuma fito a Salamander, wani ɗan siyasa da suke kama kamar an tsaga kara.

Labarin ya yi hasashen shekarar 2018 ne. Duniya na yabon Salamander a matsayin wanda ya magance yunwa da wata na'ura mai tara hasken rana, amma a ɓoye shi ne ke haddasa girgizar ƙasa da aman wutar duwatsu domin ya ƙwace mulki.

Masu yi masa wannan aiki wasu bayin Allah ne da ya kulle a ƙarƙashin ƙasa, bayan ya yaudare su cewa yaƙin nukiliya ya lalata doron ƙasa.

Da aka ga sauran kashi biyar, sai 'yan kallo suka tarar da tsere a bakin teku da jirgi mai saukar ungulu a kashi na farko, da kuma fito-na-fito tsakanin Dakta da Salamander a kashi na ƙarshe.

Sauyin ra'ayin ya fito fili a ƙuri'ar jin ra'ayi da mujallar Doctor Who Magazine ke gudanarwa. A ta 2009 labarin bai ma shiga cikin 100 na farko ba a cikin labarai 200, amma a ta 2014 ya shigo cikin 60 na farko.

Babu abin da ya sauya a labarin tun 1968. Abin da mutane suka samu damar gani ne ya sauya.

Kashin da ya sake ɓacewa

Labari na biyu, The Web of Fear na 1968, shi kuwa dama can masoya na ɗaukarsa a matsayin ɗaya daga cikin mafiya kyau, ko da yake kashi na farko kaɗai suka taɓa gani.

Yana magana ne a kan wasu mutum-mutumi masu siffar dodon Yeti da suka mamaye hanyoyin jirgin ƙasa na ƙarƙashin birnin Landan.

An samo kashi na biyu da na huɗu da na biyar da na shida, amma babu na uku, wanda shi ne aka fi ɗokin gani. A cikinsa ne Kanar Lethbridge-Stewart ya fara haɗuwa da Dakta, kuma Nicholas Courtney, wanda ya rasu a 2011, ya shafe shekaru da dama yana fitowa a wannan matsayi.

A 2015 Mista Morris ya bayyana cewa kashi na ukun yana cikin waɗanda ya gani a Jos, amma ya yi ɓatan dabo kafin a kammala shirin tura faya-fayan Birtaniya. Ya ce yana zaton ya faɗa hannun masu tara irin waɗannan kaya ne domin kansu.

Wannan ya raba kan masoyan. Wasu na ganin son kai ne mutum ya ɓoye abin da jama'a ke muradin gani, yayin da wasu ke tunatar da cewa ba don masu tara tsofaffin finafinai ba, da yawancin abin da aka samo a baya ya daɗe da shiga bola.

A 2021 aka fitar da kashin a matsayin zane mai motsi da aka ɗora a kan ainihin sautin. Shi ma bai tsira daga gardama ba, domin da yawa sun soki yadda mutanen cikin zanen ke motsi, wasu kuma suka ce da babu gara ba daɗi.

Ina namu suke?

Ga mai karatu a arewacin Nijeriya, tambayar da wannan lamari ke tayarwa ita ce, idan a nan aka adana wa Turawa tarihinsu ba da niyya ba, wa ke adana namu?

Garuruwa irin su Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa suna cikin jihar Kano ne har zuwa watan Agustan 1991 da aka ƙirƙiro jihar Jigawa. Waɗanda suka tashi a yankin a shekarun 1980 sun yi zamani da tashar CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa, wadda yanzu ake kira ARTV, da wasannin Samanja na Usman Baba Pategi, da na Ƙasimu Yero daga Kaduna, da na Karkuzu daga Jos.

Kasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi kuma a 2023. Matashin da bai yi zamani da su ba, abin da ya rage masa ya auna su da shi sau da yawa bai wuce 'yan gutsattsarin da ke yawo a wayoyin hannu da intanet ba.

Haɗarin da ke cikin haka shi ne wanda ya sami labarin Salamander, wato a raina aikin mutum saboda guntun da ya tsira bai kai sauran kyau ba.

Matsalar tsadar kaset da ta sa BBC goge shirye-shiryenta ta shafi tashoshin Nijeriya ma. Finafinan Hausa na bidiyo kuwa, waɗanda ake danganta farkonsu da Turmin Danya na 1990, sun fito ne a kaset da faifan CD waɗanda zafi da ƙura ke saurin lalatawa.

Sai dai akwai misalin da ke nuna cewa ba a makara ba. Fim ɗin Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya shirya daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya salwanta. Bayan 'yan shekaru da gano faya-fayan Jos, aka tsinci kwafinsa cikin tsofaffin gwangwanaye a wani gini na hukumar finafinai da ke Legas.

Cibiyar Arsenal ta ƙasar Jamus ta gyara shi, aka kuma nuna shi a bikin finafinai na birnin Balin a 2018.

A 2019 kuma Jami'ar Jos, da haɗin gwiwar Hukumar Finafinai ta Nijeriya da Jami'ar Goethe ta Jamus, ta soma koyar da digiri na biyu a fannin adana finafinai.

Abin da masana wannan fanni ke nanatawa ba mai wuya ba ne. A ajiye kaset ko fim a wuri mai sanyi maras laima, a rubuta abin da ke cikinsa a jikin mazubinsa, sannan a kwafe shi zuwa kwamfuta tun na'urar da za ta iya kunna shi ba ta ƙare ba.

Rubutun da wani ma'aikaci ya yi a jikin gwangwanayen Jos shekaru kusan 40 kafin nan ne ya sa Mista Morris ya gane abin da ke gabansa. Wannan shawara ta shafi tashar talabijin, ta kuma shafi duk magidancin da ke da kwalin tsofaffin kaset na hawan salla ko wasan kwaikwayo a ƙarƙashin gadonsa.