Yadda Ake Zuwa Tsaunukan Landmannalaugar a Dawo Cikin Yini Guda

Ayislan tsibiri ne a can arewacin Tekun Atlantika. Mutanenta ba su kai rabin miliyan ba, kuma kusan dukkansu a gefen teku suke zaune. Tsakiyar ƙasar kuwa ba gari, ba gona, ba inuwar bishiya, sai baƙin yashi da duwatsu da ƙanƙara da koguna marasa gada. A kudancin wannan fili ne Landmannalaugar yake, wani kwari da tsaunuka masu launi-launi suka kewaye, ruwan zafi yana ɓuɓɓugowa daga gindinsu. Daga babban birnin ƙasar, Rekyabik, tafiyar kilomita kusan 180 ce. A taswira ba ta da nisa, amma takan ci sa'o'i uku zuwa huɗu, kuma yadda za ta ƙare ya dogara ne da wanda ke riƙe da sitiyari.

Abin da za a fara sani shi ne dalilin da ya sa ƙasar take da wuta a ƙarƙashinta. Doron duniya ba dunƙule guda ba ne, manyan faya-fayai ne da ke motsi sannu a hankali. Ayislan tana zaune ne daidai kan tsagar da ke tsakanin faifan Arewacin Amurka da na Turai da Asiya, kuma waɗannan biyun suna janyewa daga juna da kusan santimita 2 a kowace shekara. Duk inda ƙasa ta tsage, narkakken dutse yakan samu hanyar tasowa. Wani lokaci ya fashe ya fito, kamar yadda dutsen Eyjafjallajökull ya yi a 2010, har tokarsa ta hana jirage tashi a yawancin Turai na kwanaki. Wani lokacin kuma yana nan kwance yana dafa duwatsun da ke bisansa. Ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara su tsiyaya ƙasa, su tarar da dutse mai zafi, su ɗau zafi, sannan su nemi kafa su dawo sama. Asalin maɓuɓɓugar ruwan zafi ke nan, kuma da irin wannan ruwa ne ake ɗumama kusan gida tara cikin goma a ƙasar.

Sai lokaci. Hanyoyin tsaunuka, waɗanda lambarsu ke farawa da harafin F, a rufe suke mafi yawan shekara. Hukumar hanyoyi ta ƙasar, Vegagerðin, ba ta buɗe su sai dusar ƙanƙara ta narke, ƙasa ta tsane, galibi daga tsakiya ko ƙarshen Yuni zuwa cikin Satumba. Ranar buɗewa takan sauya shekara zuwa shekara. Saboda haka jagora na gari, tun kafin ya tada mota da safe, ya riga ya duba halin hanya da hasashen yanayi. In ya ce yau ba a zuwa, to ba ƙyuya ba ce, kuma bai kamata a yi masa gardama ba don kawai an riga an biya kuɗi.

Motar da ake tafiya da ita jif ce da aka ɗaga aka sa mata manyan tayoyi, masu inci 38, wasu har 44. Ana yawan ɗauka girman tayar don burga ne, alhali aikinta biyu ne: ta ɗaga cikin motar sama da ruwa da duwatsu, ta kuma ba da damar rage iska. Da zarar kwalta ta ƙare, direba zai tsaya ya sace iskar tayoyin. Taya mai laushi takan baje a ƙasa yadda tafin raƙumi ke bajewa a kan rairayi, nauyin mota ya rarrabu, ba ta nutsewa, gargada ma ta ragu. In an dawo kwalta sai a mayar da iskar da famfon da ke jikin motar. Wasu motocin daga ciki ake yin wannan, direba bai ma sauka ba. Za ka kuma ga wani bututu ya hau ta gefen gilashin gaba; ta nan injin ke shaƙar iska, don kada ya zuƙi ruwa a mashigi.

Shi kuma fasinja nasa shirin na sutura ne da guzuri. Kwarin yana da tsayin mita kusan 600 daga doron teku, kuma ko a Yuli ana iya samun rana da ruwa da iska mai yanka jiki duk a yini ɗaya, wani lokacin har da dusar ƙanƙara. Dabarar mutanen ƙasar ita ce sa kaya hawa-hawa: ta ulu a jiki, rigar sanyi a kai, sannan wadda ruwa ba ya ratsawa. Auduga in ta jiƙe ba ta riƙe ɗumi, don haka a bar wandon jins a masauki. A nemi takalmi mai ƙwari wanda ya rufe idon sawu, da hula, da safar hannu, da tawul. Abinci kuwa a taho da shi, domin abin da ake sayarwa a can kaɗan ne kuma da tsada. Mai kaffa-kaffa da naman alade ya duba abin da ke cikin burodin da aka haɗa masa, ko ya tsaya ga kifi, wanda ƙasar ke da shi birjik. Zancen salla bai da wuya, tunda a Yuni da Yuli rana da ƙyar take faɗuwa. Azahar da la'asar duk za su same ka a sarari, ruwan alwala kuma ga shi ko'ina, sai dai sanyinsa.

Ana barin Rekyabik da safe a bi babbar hanya ta gabas, a wuce garin Selfoss, sannan a karkata arewa cikin gonakin ciyawa da dawaki. Wasu jagorori sukan bi ta kwarin kogin Þjórsá, wanda shi ne mafi tsawo a ƙasar, su tsaya a magangarar ruwa ta Hjálparfoss. Wannan ɓangaren tafiyar ba shi da wani ƙalubale, kuma mai jin barci zai iya ramawa.

Ido yakan buɗe ne idan Hekla ya bayyana. Dogon tsauni ne mai tsayin mita kusan 1,490, yawanci gajimare ya lulluɓe kansa. A 1104 ya yi aman wutar da ya tashi gonakin kwarin Þjórsá, kuma Turawan zamanin da sun ɗauka ƙofar Jahannama ce. A ƙarnin da ya wuce ya yi aman wuta a 1947, da 1970, da 1980, da 1991, sannan na baya-bayan nan a 2000. Abin da ya sa jagorori ke girmama shi, gargaɗinsa gajere ne: a 2000, tsakanin fara girgizar ƙasa da fitowar wuta bai kai sa'o'i biyu ba. Baƙin yashi da farar tsakuwa marar nauyi da mota ke takawa a nan duk abin da ya tofar ne.

Daga nan ake shiga hanyar F225, wadda ake kira Landmannaleið, kuma a nan ne baƙo ke jin abin da ke ba shi mamaki. Kamfanoni suna tallata tafiyar kamar za a kutsa daji ne a bi inda aka ga dama, amma dokar ƙasar ta haramta sauka daga hanyar da aka shata, ko da taku kaɗan ne, kuma tarar mai nauyi ce. Fili ne shimfiɗaɗɗe, babu shinge, babu ɗan sanda, mota kuma tana da ƙarfin hawa ko'ina, amma direba zai bi sawun da ke akwai yana lura da turakun gefen hanya. Dalilin kuwa, ƙasar nan ba ta warkewa da wuri. Gansakukar da ke lulluɓe da duwatsu tana da ɗan gajeren lokacin tsiro a shekara, kuma in taya ta tsaga ta, sawun yakan daɗe shekaru gommai. Ruwa ya bi ta wannan sawun ya zaizaye shi, ya zama kwazazzabo. Wani direban ya ga sawu ya ɗauka hanya ce, shi ma ya bi. Tun 1979 aka ayyana yankin Fjallabak, inda Landmannalaugar yake, a matsayin keɓaɓɓen wuri mai kariya. A ganina, in jagora ya yarda ya kauce hanya don fasinja ya samu hoto mai kyau, to a yi shakkar sauran iliminsa ma.

Ƙetare ruwa shi ne inda kuɗin jagora ke halatta. Kogin tsauni ba ya zama yadda aka bar shi. Wanda ƙanƙara ke ciyarwa yakan yi ƙasa da safe, ya cika da yamma idan rana ta narkar da ita, ruwan sama kuma na iya sauya mashigi cikin dare ɗaya. Don haka direba ba ya faɗawa kai tsaye. Zai tsaya ya duba. Inda kogi ya tsuke kuma samansa ya yi lumui, nan ne zurfi; inda ya yi faɗi, ruwa yana ƙananan tsalle a kan tsakuwa, nan ne ya fi dama. Sai ya sa giyar ƙarfi tun yana bakin gaɓa, ya shiga a hankali, ya ɗan karkata yana bin gangaren ruwa maimakon ya yi gaba da gaba da shi. A tsakiya ba a tsayawa, ba a sauya giya, ba a kuma taka mai da ƙarfi, domin gudu ne ke tura ruwa sama ya shiga inji. Inji kuwa in ya sha ruwa ya gama aiki, kuma inshorar motocin haya a ƙasar galibi ba ta biyan irin wannan ɓarna. Dab da sansanin Landmannalaugar ma akwai mashigi, shi ya sa aka yi wurin ajiye mota kafin a kai gare shi, da ƙaramar gada ta masu tafiya a ƙasa.

Kafin a isa, yawanci akan tsaya a bakin Ljótipollur, wani babban rami mai jan baki wanda ruwa ya cika ya zama tafki, da kuma tafkin Frostastaðavatn.

Sai kwarin kansa. Launukan da ke jikin tsaunukan, ja da rawaya da kore da ruwan toka, daga irin dutsen suke. Yawancin Ayislan baƙin dutse ne, amma wannan yankin na tsohon dutsen wuta na Torfajökull ya ƙunshi wani farin dutse da narkakkensa ke da kauri, ba ya gudu da nisa. Tururi da ruwan zafi sun daɗe suna ratsa shi suna dafa shi, ƙarfen da ke ciki ya yi tsatsa ya ba da ja, farar wuta ta ba da rawaya. A gaban sansanin akwai wani baƙin bango na daskararren dutse, Laugahraun, wanda ya malalo wajen shekarar 1477 ya tsaya a nan. A cikinsa akwai baƙaƙen duwatsu masu ƙyalli, gefensu yana yanka hannu.

Mai yini guda yakan samu sa'o'i biyu zuwa uku a nan. Tafiyar da ta fi dacewa da yawancin mutane ita ce a ratsa ta cikin Laugahraun zuwa gindin tsaunin Brennisteinsalda, inda tururi ke fita daga ƙasa da warin farar wuta, a dawo ta kwarin Grænagil mai koren dutse. Masu ƙarfin gwiwa sukan hau Bláhnúkur, wanda ya haura mita 900. A wajen tururin nan kada a kauce wa turba ko kaɗan, domin ƙasar da ake gani busasshiya na iya zama ɓawo ne kawai a kan tafasasshen taɓo. Daga nan ne kuma shahararriyar turbar Laugavegur take farawa, kilomita 55 zuwa Þórsmörk, amma wannan ta masu kwanaki ce.

Wankan shi ne na ƙarshe, kuma da hikima aka bar shi ƙarshe, domin wanda ya jiƙa jikinsa a ruwan ɗumi ba ya sake son hawan dutse. Ba tafkin siminti ba ne. Rafi ne marar zurfi a cikin ciyawa, inda ruwan zafi da ke fitowa daga ƙarƙashin Laugahraun ya haɗu da ruwan sanyi. Ɗuminsa yana kaiwa wajen digiri 36 zuwa 40, wato ya ɗara na Wikki da ke Yankari, wanda ke tsayawa wajen 31. Zafin ba ɗaya ba ne ko'ina: in ka matsa wajen mafitar ruwan zai ƙaru, har tsakuwar ƙasa ta iya ƙona tafin ƙafa, in ka ja baya ya sassauta. Ba a shiga da sabulu. Ya kamata mai karatu ya sani tun daga gida cewa maza da mata tare suke shiga, kuma a bakin rafin dandamalin katako ne kawai, babu ɗakin sauya kaya. Sai dai a sauya a makewayin da ke kusa da masaukin ƙungiyar matafiya ta Ferðafélag Íslands. Wanda hakan bai kwanta masa ba yana iya tsoma ƙafafu kawai, ko ya ƙara lokacinsa a turba, babu wanda zai ce masa don me.

Komawa takan bi ta arewa, ta hanyar 208, a wuce madatsun ruwa masu samar da lantarki, a mayar wa tayoyi iskarsu a hau kwalta. Daga fita zuwa dawowa Rekyabik, a ƙiyasta sa'o'i goma zuwa goma sha biyu. Lambar neman agaji a ƙasar 112 ce, kuma masu ceto a tsaunuka 'yan sa-kai ne na ƙungiyar Landsbjörg, waɗanda ke barin aikinsu su fito neman wanda ya maƙale. Kafin ka biya kuɗin kujera, tambayi kamfanin mutum nawa ke shiga motar, sa'o'i nawa za a yi a kwarin, da abin da suke yi idan hanya ta rufe ko kogi ya cika. Wanda ya ba ka amsa a fili, shi za ka bi.