Camfe-camfen Cikin Gida da Yadda Ya Dace a Koyar da Su: Misali daga Minna

Camfi shi ne yarda da cewa wani aiki ko wata alama na jawo sa'a ko tsiya, ba tare da wata hujja ta addini ko ta ilimi ba. Yana cikin batutuwan al'ada a manhajar Hausa, amma sau da yawa malami kan jero misalai a allo, ɗalibai su haddace don jarrabawa kawai. A ganinmu wannan bai wadatar ba, musamman a gari irin Minna.

Minna ta bunƙasa ne sanadiyyar layin dogon Baro zuwa Kano da aka kammala a 1911, ta kuma zama babban birnin Jihar Neja a 1976. Gwarawa da Nufawa da Hausawa na zaune tare a unguwanni irin su Limawa da Bosso da Kpakungu. Saboda haka aji ɗaya kan tara yara daga gidaje mabambanta, kowa da camfin da ya taso ya tarar.

Mun kasa camfe-camfen cikin gida kashi uku.

Na farko, masu ɗauke da tarbiyya ko kariya. An ce shara da dare tana kawo talauci. A zamanin fitilar aci-bal-bal, mai shara cikin duhu na iya kwashe kuɗi ko allura ya zubar. An ce zuba ruwan zafi a tsakar gida yana ƙona 'ya'yan aljanu, alhali yara da kaji ake karewa. Hana zama a bakin ƙofa kuma yana hana tare hanya.

Na biyu, alamomin sa'a da akasinta: ƙaiƙayin tafin hannu alamar samun kuɗi, tuntuɓe da ƙafar hagu alamar rashin nasara, kukan mujiya alamar mutuwa. Musulunci ya hana dogaro da irin waɗannan, kuma ya kamata malami ya faɗi haka a fili.

Na uku, masu cutarwa, kuma a nan ne ya fi kamata a tsaya. Camfin cewa yaron da ke cin ƙwai zai zama ɓarawo yana hana shi abinci mai gina jiki a lokacin da ya fi buƙata. Laƙaba wa mace "farar ƙafa" don karayar arziki ta sami mijinta kan jawo mata tsangwama, wani lokaci har da saki.

Don haka muna ba da shawarar a umarci kowane ɗalibi ya tattaro camfi biyar daga wajen iyaye ko kakanni, ko da cikin Gwaranci ko Nufanci ne, a fassara su zuwa Hausa, sannan aji ya tantance kashin da kowanne ya faɗa da dalilin haka. Malami ya guji yi wa al'adar kowa ba'a, domin yaron da aka kunyata ba zai sake kawo abin gidansu aji ba.