Kafin Ka Biya Kuɗin Mota, Durƙusa Ka Leƙa Ƙarƙashinta

 A yau za mu tattauna ne a kan wani abu da mafi yawan masu sayen mota ba su cika kulawa da shi ba, alhali kuwa shi ne ke kwashe ribar ɗan kasuwa ya kai ta gareji, wato tazarar da ke tsakanin cikin mota da ƙasa.

Abin da ya jawo wannan magana kuwa shi ne, wata ranar Lahadi muna cikin ayarin kai amarya daga Damagaram zuwa Mirriya, tafiyar kimanin kilomita 18 a kan babbar hanya mai lamba 1, wadda ta wuce Gure da Diffa. Motar da ke gaba, wadda aka sa amarya a ciki, wata ja ce mai ƙofa biyu, irin ta tsere, ta wani matashin ɗan kasuwa abokin ango. Duk inda ta gifta sai an juyo an kalle ta. A kan kwalta ba mai iya kamo ta, amma da muka iso gari, ga shi ranar kasuwa ce, amalanke da dabbobi da masu tukwane sun cika hanya, sai aka ratse ta wani lungu. Nan muka ji ƙara, ƙwas! Mai mota ya ɗan tsaya, ya ga ba abin da ya faɗo, sai ya ci gaba, mu kuwa da ke baya muna ganin baƙin mai yana bin sawunsa kamar zare. Kafin a kai gidan ango inji ya ɗauke. A cikin wata tsohuwar Fijo 504 amarya ta ƙarasa ɗakinta.

Washegari da bakanike ya shiga ƙarƙashinta, sai ya fito yana girgiza kai, ya ce: "Ɗana, da ka kashe inji tun sa'ad da jar fitilar nan ta kama, da kasko kaɗai za mu canja. Yanzu kam sai an sauke inji." Dutsen da ya yi wannan aika-aika bai fi dunƙulen hannu ba. Da ma Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Mece ce wannan tazara?

Idan mota na tsaye a wuri mai shimfiɗa, akan auna daga ƙasa zuwa ƙarfen da ya fi kowane sauka a cikinta. Motocin tsere sukan tsaya a santimita 10 zuwa 12. Ƙananan motocin shiga na yau da kullum sukan kai 13 zuwa 16. Irin su Hilux da Land Cruiser kuwa sun haura 20, wato taƙi guda na babban mutum har da ɗoriya.

Ba a banza maƙera suka kwantar da motar tsere ba. Idan nauyi yana kusa da ƙasa, mota takan riƙe hanya a kwana, iska kuma ba ta cika shiga ƙarƙashinta ta ɗaga ta ba. Wannan dabara ce mai kyau a titin da ke sumul. To amma a ƙarƙashin nan ne kaskon baƙin mai yake, da bututun hayaƙi, da hanyoyin mai da na birki. A motoci da yawa na zamani da alminiyo ake yin kaskon, shi kuwa ba ya lotsewa kamar baƙin ƙarfe, tsagewa yake yi.

Su kansu masu ƙera waɗannan motoci sun san da matsalar. Kamfanoni irin su Ferrari da Lamborghini sukan sa wani maɓalli da ke ɗaga hancin mota kamar santimita 4 idan za a hau tudu. Haka kuma lokacin da kamfanin Porsche ya ci tseren Paris zuwa Dakar a 1984 da 1986, tseren da ya ratsa ƙasarmu ta Agadez da Tenere, sai da ya ɗaga motocinsa sama sosai kafin ya sako su cikin rairayi. To idan mai abu ya ɗaga abinsa kafin ya shigo ƙasarmu, ina dalilin da mu za mu kawo ta a kwance?

Hanyoyinmu na kullum

Ɗan kasuwa ba a kan kwalta kaɗai yake yini ba. Yau yana kasuwar Dole, gobe yana Dogo ko Guna ko Hamdara, jibi ya nufi Gidimuni sarin rake da kabeji. Abubuwa huɗu ne ke jiran gajeriyar mota a waɗannan hanyoyi.

Na farko, tudun rage gudu da ake yi a mashigar garuruwa da gaban makarantu, wanda direbobi ke kira da Faransanci dos d'âne, wato gadon bayan jaki. Idan tayoyin gaba sun sauka, na baya ba su hau ba, to tsakiyar mota ce ke zama a kansa, kuma gwargwadon tsawon mota gwargwadon yadda cikinta zai gogu. Na biyu, hanyar rairayi, inda manyan motoci da amalanke suka haƙa sawu biyu suka bar tudu a tsakiya. Gajeriyar mota takan hau wannan tudu ta zauna daram, tayoyi na juyawa a banza. Na uku, duwatsu, waɗanda duk wanda ya san unguwar Birni ko hanyar Zarmu ba sai an ba shi labarinsu ba. Na huɗu kuma ruwa. Ba mu manta da daminar 2024 ba, wadda ta rushe tsohon masallacin Birni a watan Satumba, ta kuma yanke hanyoyi a sassan ƙasa da dama. Motar da ke ƙasa-ƙasa, hancin da take shaƙar iska da shi ma a ƙasa yake, idan kuwa inji ya shaƙi ruwa, to aiki ya tashi.

Wannan ne ya sa iyayenmu suka riƙe Fijo 504, wadda ta fito a 1968. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kaduna, kuma a wannan shekarar ce 504 ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya. Ba don kyan fuska aka so ta ba, sai don tana da tsayi da juriyar gargada, kuma bakaniken ƙauye ma yana iya gyara ta.

Lodi ma yana kwantar da mota

Iyayenmu mata masu bin kasuwanni, wannan magana ta shafe ku ko da ba ku da niyyar sayen mota. Motar da ke da tsayi da safe, idan aka ɗora mata buhunan gero biyar da fasinja bakwai, ta zama gajeriya. Kafin ki hau, Hajiya, dubi tayar baya. Idan ta shige cikin jikin mota har ba a iya zura hannu a samanta, to wannan mota za ta ja ciki a hanya. Jikka ɗaya da aka rage miki a kuɗin mota ba za ta biya tumatir da ya kwana a daji ba, balle tukwanen Mirriya da suka farfashe. Araha ba ta ado.

Ga mai niyyar saye

Shekaru da dama ta tashar ruwan Kwatano motocin hannu ke shigo mana, amma bayan rufe iyakar Gaya a 2023 sai kaya da yawa suka koma bin Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo. Saboda haka kayan gyaran motar da ba a saba da ita ba, ba yau ka nema gobe ka samu ba ne. Kafin ka biya kuɗi, ka sa mutane su cika ta, sa'an nan ka durƙusa ka auna da hannunka. Ka duba ko akwai alamar gugar dutse ko walda a kasko. Ka kuma lura da taya, domin siririyar taya mai ƙaramar roba ba ta jure rami, nan da nan take lanƙwasa ƙarfen da take kai.

Wanda kuma ya riga ya saya, to kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, sai dai lallaɓawa. Ka taka birki tun kafin ka iso tudu, ka sake shi kafin ka hau, domin birki yana dunƙufar da hancin mota. Ka hau a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, bayan ka tabbata ba mai zuwa. A hanyar rairayi ka ɗora taya a kan tudun tsakiya, kada ka sa shi tsakanin tayoyinka. Ka sa maƙeri ya ɗaura maka faranti na ƙarfe a ƙarƙashin inji, a bar masa ƙofar juye mai da ta shan iska. Masu ɗaga mota da ƙarin ƙarfe su yi a hankali, domin idan aka wuce kima sandunan da ke juya taya sukan ci da wuri, mota kuma ta riƙa tangaɗi a kwana. Uwa uba, duk lokacin da ka ji ƙasa ta bugi cikin mota, ka tsaya ka leƙa. Idan jar fitilar mai ta kama, kashe inji nan take, ko da amarya ka ɗauko.

Shi dai abokin angon nan, motarsa ta yi wata biyu a gareji tana jiran kaya, jarinsa kuma ya ji jiki. Da muka haɗu da shi kwanan baya a kasuwar Dole, a kan babur muka gan shi, ya ce mana duk motar da zai ƙara saya sai ya fara kai ta Mirriya ranar Lahadi ta gwada kanta.

Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya sa albarka a kasuwa.